Shigar da Kebul ɗin Na'urar Auna Zurfi ta Bangon Bayan Jirgin Ruwa

Tambaya: Ina da ƙaramin jirgin ruwa na faiba mai tsawon mita 5.5, injinsa a rataye yake a bangon baya. Na sayi na'urar auna zurfin ruwa, amma fulogin da ke bakin kebul ɗin tiransidusarta, wato ɓangaren da ake kafawa a wajen bangon baya yana taɓa ruwa, ya fi kebul ɗin kauri nesa ba kusa ba. Shin in yanke kebul ɗin, in huda ƙaramin rami, in sake haɗa shi daga ciki, ko kuwa in huda babban rami? Idan na cika ramin da silikon, ya wadatar?

Amsa: Malam, na ji daɗi da ka tambaya tun kafin ka ɗora bakin huda a jikin jirgin, domin yawancin masu kawo mini wannan magana sai aikin gama ya gama suke zuwa, lokacin da bangon ya riga ya sha ruwa shekara da shekaru. A taƙaice, kada ka yanke kebul ɗin. Ka huda ramin da fulogin zai wuce ba tare da an matsa masa ba, ka yi shi can sama da inda ruwa ke kaiwa. Silikon kuwa ba zai yi maka aikin ba. Zan tsawaita a kan dalilan, saboda su ne za su nuna maka abin yi idan jirginka ya bambanta da wanda na zata.

Idan ka dubi bangon daga waje za ka ɗauka faiba ce zalla tun daga wannan fuska har waccan, alhali a yawancin ƙananan jiragen faiba masu injin rataye ba haka abin yake ba. Fata biyu ce ta faiba, ɗaya a waje ɗaya a ciki, an sa filawud a tsakaninsu, sau da yawa falle biyu da aka manne wuri guda, kuma kaurin bangon duka yakan kai milimita 38 zuwa 50. Wannan katako da ba ka gani shi ne ke ɗauke da nauyin injin, shi ne kuma ke karɓar turin da farfela ke yi ya miƙa shi ga sauran gangar jirgin. Muddin yana bushe, zai iya daɗewa fiye da injin da ke kansa. Ranar da ka huda rami kuwa, ka yanka fatun biyu, ka bar gefen filawud ɗin a buɗe a duk kewayen ramin, kuma yankakken gefe shi ne inda filawud ya fi shan ruwa, domin bakin jijiyoyin katakon ne ke kallon ramin, suna zuƙar danshi kamar lagwani. Ruwan da ya shiga ba shi da mafita, tunda faiba ta rufe shi gaba da baya. Sai ya zauna, ya riƙa bin katakon sannu a hankali zuwa ƙasa da gefe, har ya isa wurin notocin da ke riƙe da injin.

Shi ya sa nake gaya wa mutane cewa aiki biyu ne a ramin nan, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauke su a matsayin ɗaya. Na farko shi ne hana ruwa bin kebul ya shiga cikin jirgi, wanda ƙaramin al'amari ne, domin ko 'yan ɗigo sun wuce za su gangara ƙasa, famfo ya kwashe su, kana kuma ganinsu da idonka. Na biyu shi ne hana ruwa taɓa katakon da ke cikin bango, kuma shi ne mai haɗari, domin ɓarnarsa ba ta bayyana sai ta yi nisa. Na taɓa buɗe bangon wani jirgi da mai shi ya kawo saboda ya lura injin yana rangaji idan an ƙara masa wuta. Na tarar filawud ɗin ya yi baƙi, ya yi laushi har ana ɗebe shi da yatsa, kuma da muka bi sawun ruɓewar sai ta kai mu ga ramin kebul guda ɗaya da sukuru biyu na maƙalin waya. An cika ramin da danƙo maƙil, daga waje babu wani aibi da ido zai gani, amma danƙon ya daɗe da sakin katakon. Har yau abin yana ba ni takaici, domin cokali uku na efoksi, wato gam mai haɗin ruwa biyu da ke daskarewa ya yi tauri, da ya hana wannan asara.

Saboda haka ka fara duba ko ramin ya zama dole. Jirage da yawa masu injin rataye suna da kwarmi a gaban injin, inda ruwan da ya fantsamo ke taruwa ya koma waje, kuma a gefen kwarmin akwai ƙofa mai rigar roba wadda wayoyin batir da tiyon mai ke bi. Idan kebul ɗinka zai iya hawa bangon ta waje, ya ƙetare samansa, ya shiga ta wannan wajen, ka huta da babban rami gaba ɗaya. Hanyar ba ta kai ta rami kyan gani ba, tana kuma kusantar da kebul ga wayoyin inji, abin da zan dawo kansa, amma a ƙaramin jirgi ita nake fara dubawa. Wadda ba na so ita ce a bi da kebul ta ramin zubar da ruwa na kwarmin, duk da cewa wasu takardun umarni sun yarda da hakan, domin ramin ƙarami ne, kebul ya cinye rabinsa, ɗan tarkace kaɗan ya isa ya toshe sauran.

Game da yankewa, yana da kyau ka san abin da kebul ɗin ke ɗauke da shi. A cikin tiransidusa akwai wani ɗan faifai na tangaran na musamman wanda ke girgiza idan an ba shi wutar lantarki, yana kuma haifar da wuta idan sauti ya girgiza shi. Na'urar tana aika masa da bugun wuta mai ƙarfi na ɗan ƙanƙanin lokaci, ya mai da shi sauti, galibi a kilohaz 50 ko 200 a irin na'urorin da aka saba da su. Sauti yana gudun kimanin mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwa, don haka a zurfin mita 30 zuwa da dawowar duka kashi 4 cikin 100 na daƙiƙa ne. Amsa-kuwwar da ke dawowa daga ƙasan ruwa ta riga ta raunana matuƙa, wutar da take haifarwa ƙanƙanuwa ce ƙwarai, kuma ta cikin wannan kebul za ta hau zuwa allon na'urar. Dalilin ke nan da ya sa aka naɗe wayoyin ciki da riga ta saƙar ƙarfe ko fallen alminiyam, don ta tare hayaniyar lantarki da ke zuwa daga inji da sauran kayan wuta. Idan ka yanke, ka katse wannan rigar, kuma mai da ita yadda take da hannu ba abu ne mai sauƙi ba. Wayoyin sirara ne, a sababbin na'urori suna da yawa, har da na ma'aunin zafin ruwa, mahaɗar kuma za ta zauna ne a wurin da ya fi ko'ina danshi a jirgin. Kamfanonin da ke ƙera waɗannan na'urori irin su Garmin da Airmar sun rubuta ƙarara a takardunsu cewa yanke kebul yana soke garanti, sai dai Airmar ta yi togaciya ga wanda ya yi amfani da akwatin haɗi mai hana ruwa. Kafin ka auna fulogin, ka duba ko zoben da ake murzawa a ɗaure shi yana rabewa biyu, domin a wasu na'urori ana cire shi yayin shigar da kebul, kuma hakan yana rage faɗin ramin sosai.

Kada ka huda babban ramin sai ka tabbatar da mazaunin tiransidusar. Wurinta shi ne inda ruwa ke fitowa daga ƙarƙashin jirgi sumul babu kumfa, nesa da bayan duk wani tudu, ƙusa ko mashigar ruwa da ke ƙasan gangar, kuma a ɓangaren da fukafukan farfela ke sauka ƙasa, wanda a injin guda mai juyawa dama shi ne hannun daman jirgi. Ka ɗaura ta, ka rataya kebul ɗin ta saman bango na wucin gadi, ka fita ruwa ka gwada a gudu daban-daban. Wani lokaci sai an matsar da ita, kuma ramin da aka riga aka huda ba ya matsawa.

A wannan fitar ce za ka ga ainihin inda ruwa ke kaiwa. Shatin da ke jikin jirgi na lokacin da yake tsaye ne babu kowa a ciki. Ka lura da bangon idan tanki ya cika, mutum biyu sun koma baya, ana tafiya da baya, musamman kuma lokacin da aka sassauta gudu farat ɗaya, igiyar da jirgin ya tayar ta biyo shi ta bugi bangon. Ramin ya kasance sama da duk wannan, can ƙololuwar inda hali ya yi, kuma nesa da notocin inji da gefen bango. Daga nan ka leƙa ciki da fitila, ka sa hannu ka lalubi bayan wurin, domin a nan ne tankin mai, tiyo, wayoyi da kebul ɗin sitiyari sukan ɓuya. Ka ɗaga injin har ƙarshe, ka juya shi dama da hagu har ƙarshe, ka tabbata babu abin da zai goga kebul ɗin ko ya matse shi.

Girman ramin ya danganta da fulogi, kuma a takardun umarni za ka ga yakan kama daga milimita 16 zuwa 25. Ka auna naka a inda ya fi faɗi, ka ƙara milimita 2 ko 3 na sararin wucewa, sa'an nan ka ƙara kaurin abin da za ka lulluɓe cikin ramin da shi. Idan akwai fetur a jirgin, ka buɗe ko'ina iska ta shiga har warin ya fita, domin injin huda yana tartsatsi a cikinsa. Ka cire kan batir, ka sa tabarau da abin rufe hanci saboda ƙurar faiba. Ka manna salatif na takarda a wurin, ka yi alama a kansa, ka fara da siririn baki na milimita 3 har ya ɓulla. Ramin ya zama bakinsa na ciki ya fi na waje tudu, don duk ruwan da ya shiga ya juyo waje. A nan ginin jirgin yana taimakonka, domin bangon jiragen injin rataye yakan jingina baya da kimanin digiri 12 ko 13, saboda haka idan ka riƙe injin hudar daidai da fuskar bangon, ramin zai hau sama da kansa yayin da yake shiga. Kuskuren yana faruwa ne idan mutum ya tsaya a sama da wurin yana huda yana sunkuyar da bakin ƙasa.

Ka tari garin da siririn bakin ya fito da shi a tafin hannunka ka duba da kyau, domin ba kullum ake samun damar ganin cikin bango ba. Idan fari ne ko ruwan ƙasa mai haske, busasshe, yana ƙanshin katako, ka ci gaba. Idan baƙi ne, yana dunƙulewa tsakanin yatsu ko yana wari, ka dakata, domin bangon ya riga ya sha ruwa ta wata hanya, kuma efoksi ba ya kama jiƙaƙƙen katako. Wannan magana ce da ta fi ta kebul girma, tana buƙatar wanda ya san aiki ya duba iyakar ɓarnar. Idan komai lafiya, ka ɗauki zarto mai zagaye, ka fara juya shi da baya har ya keta fatar waje mai sheƙi, don kada ta tsattsage, sa'an nan ka juya shi gaba. Ka yanka rabi daga waje, ka koma ciki ka bi siririn ramin ka yanka sauran su haɗu a tsakiya, ta haka fatar ciki ba za ta ɓare ba. Ka goge kaifin bakunan biyu da samfefa.

Yanzu aka zo aikin da ya fi komai muhimmanci, wato rufe katakon. Mafi ƙarancin abin da zan yarda da shi shi ne a shafe cikin ramin da efoksi mai ruwa-ruwa, na aikin jirgi mai daɗewa kafin ya daskare, ana shafawa da ƙaramin buroshi ana maimaitawa tun na farko bai gama bushewa ba, sau biyu ko uku, har katakon ya daina sha ya yi sheƙi ko'ina. Efoksi mai kamawa cikin minti biyar bai dace da wannan wuri ba, domin ba ya samun lokacin ratsa katako. Wanda ya fi wannan shi ne ka lanƙwasa kan ƙusa, ka sa ta a injin huda, ka ƙwaƙule katakon da ke tsakanin fatun biyu ya ja baya da kamar milimita 5 ko 6 a duk kewayen, ka share garin tas, ka jiƙa wurin da efoksi mai ruwa, sa'an nan ka cika gurbin da efoksin da aka kaurara da garin silika har ya daina zuba. Idan ya daskare ka gyara ramin da samfefa, sai ka sami zobe mai tauri da ya haɗe fatar waje da ta ciki, babu katako ko kaɗan a fili. A rami mai faɗi, abin da na fi so shi ne a sa guntun bututu na faiba, ko na roba mai tauri da aka kankare bayansa da samfefa, a manne shi da kaurararren efoksi, kebul ya bi ta cikinsa. Abin da za ka guje wa shi ne cika babban rami da efoksi maƙil a zubi ɗaya da niyyar sake hudawa, domin efoksi yana fitar da zafi yayin daskarewa, kuma idan ya taru da yawa a wuri guda yakan yi zafin da zai sa ya kumbura ko ya tsage. Ka bi ma'aunin haɗi da ke jikin gwangwanin daidai, kada ka ƙara sinadarin daskarwa da nufin hanzarta shi, ka kuma ba shi aƙalla kwana ɗaya.

Bayan katako ya sami kariya, toshe kewayen kebul ya zama aiki mai sauƙi. Silikon ba ya kama faiba da ƙarfi, kuma idan ya saki yana barin wani maiƙo da ke hana duk abin da aka sa daga baya kamawa, har da sabon silikon. Irin wanda ke da wari mai tsami kuwa yana cin wasu ƙarafa. A ɗaya ɓangaren akwai 3M 5200, wanda mutane ke so saboda ƙarfinsa, amma gam ne na dindindin da kan ɗauki mako kafin ya gama kamawa, kuma tiransidusa abu ne da wata rana za a sauya, ranar da za ka so kebul ɗin ya fito ba tare da ya ɓaro fatar jirgi ba. Matsakaicin danƙo irin 3M 4200 ko Sikaflex 291 shi ya dace. Ka goge wurin da barasar goge-goge ya bushe, ka kiyaye kada asiton, sinadarin nan mai narkar da fenti da gam, ya taɓa kebul ko jikin tiransidusa, domin yana lalata robarsu. Ka tsayar da kebul a tsakiyar ramin yadda danƙon zai kewaye shi ta ko'ina, ka cika daga waje, ka ɗora murfin nan mai kama da rabin ƙoƙo bakinsa yana kallon ƙasa. Akwai kuma mashigar kebul da ake sayarwa mai tsagaggen toshe na roba wanda ake matsewa da murfi, kuma idan bangon yana da shimfiɗaɗɗen wurin da za ta zauna, ta fi danƙo sauƙin kwancewa. Ni nakan bar bakin ramin na ciki a buɗe, domin idan toshiyar waje ta fara saki ina so in ga ɗigon.

A waje, kebul ya tunkari ramin daga ƙasa, ba tare da lanƙwasa mai kaifi ba. Ka bar ɗan sassauci kusa da tiransidusar, saboda an yi mariƙinta ne yadda za ta ɗaga sama idan ta bugi wani abu, kuma idan kebul ya miƙe tam shi ne zai tsinke. Maƙali na farko ya zauna kamar santimita 5 sama da mariƙin, na biyu a tsakiyar hanya zuwa ramin. Duk ramin sukuru ƙanin babban ramin ne, kuma na mariƙin ma sun fi shi haɗari tunda a cikin ruwa suke kwana. Ka naɗa salatif a bakin hudar don kada ka zarce zurfin da ake buƙata, ka ɗan faɗaɗa bakin kowane rami don danƙo ya sami mazauni, ka sa danƙon a cikin ramin da kuma jikin sukurun. Na mariƙi kuwa na fi son a huda su da faɗi, a cika da efoksi, a sake huda siriri a tsakiyarsa. Sukurun su zama na ƙarfe marar tsatsa, lamba 316 idan ruwan gishiri ne.

Ga mai jirgin alminiyam da ke karanta wannan, kada ya ɗauka ya tsira, domin da yawa daga cikinsu ma suna da filawud a bangon baya. Ƙari a kan haka, kaifin ƙarfen yana yanka kebul idan babu zoben roba, kuma sukurun ƙarfe marar tsatsa yana sa alminiyam ya ci a ruwan gishiri idan ba a raba su da man kariya ba.

A cikin jirgi, ka rufe bakin fulogin da salatif kafin ka ja shi, igiyar jan kuma ta kama jikin kebul ɗin, kada nauyin ya faɗa kan fulogi. Ka nisanta kebul ɗin daga wayoyin inji, kebul ɗin eriyar rediyo da manyan wayoyin batir gwargwadon iko, inda ya zama dole su haɗu su gitta juna maimakon su jera. Ragowar kebul ka naɗe shi sako-sako cikin siffar lamba 8, ka ɗaure shi a wurin da ruwan ƙasan jirgi ba ya kaiwa. Idan danƙo ya kama, ka watsa wa murfin ruwa da tiyo wani yana kallo daga ciki. Kada ka bar na'urar tana aiki na dogon lokaci jirgi yana tudu, domin wasu tiransidusa ruwa ne ke sanyaya su. A kan ruwa, ka kunna ta injin yana kashe, sa'an nan ka tayar da shi ka ƙara wuta ba tare da ka sa giya ba. Idan layuka suka bayyana a allon suna ƙaruwa da ƙarar injin, hayaniyar lantarki ce, kuma hanyar kebul za ka gyara. Idan hoton yana da kyau a tsaye amma ƙasan ruwa yana ɓacewa da gudu, kumfa ce ke wucewa ƙarƙashin tiransidusar, sai ka ɗan saukar da ita ko ka gyara karkatarta. Sau ɗaya a shekara, idan an fitar da jirgin, ka danna danƙon da ke kewaye da kebul da farce ka ga ko yana nan a manne, ka kuma kwance sukuru ɗaya na mariƙin ka duba ko ya fito a bushe kafin ka mai da shi da sabon danƙo.